Yaron Hajjo Ya Hau Keke

Glasgow,
9 ga Maris, 2003

Zuwa ga Malama Ummusalma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara, da ɗaliban da kike gallaza wa da lissafi. Ni lafiyata ƙalau, sai wata mura da ta ƙi sakina tun Janairu. Ki gaishe min da Baba Isa da ƙanena Ashraf. Ki gaishe da Inna.

Kada ki ce na fara da tsokana. Kakata Hajjo da kakanki ciki ɗaya suka fito, iyayenmu maza taubasai ne, don haka wasan nan gadonsa muka yi.

Magana biyu ce ta sa na ɗauki biro. Ta farko za ta ba ki dariya: na koyi hawa keke. Ni da gemuna, shekara ashirin da tara! Akwai wani ɗan Jos, ɗan unguwar Kabong, a ajinmu, Cletus, shi ya riƙe min sirdi yana bina da gudu a filin shan iska, tsofaffin Turawa suna kallonmu. Na faɗi sau huɗu, sau ɗaya a cikin furannin gwamnati. Yanzu na ƙware, har mun shirya a hutun Ista za mu shiga jirgin ruwa zuwa wani ɗan tsibiri da ke yamma da nan, mu zagaye shi a kan keke cikin kwana uku. Hanyar duk a bakin teku take.

Ta biyu ba ta dariya ba ce. Karatuna zai ƙare a watan Yuni. Wani kamfanin binciken ma'adinai ya ba ni aiki na shekara biyar, kuma dole in sa hannu kafin 30 ga Mayu, ko su ba wani. In na sa, na zama ɗan nan ke nan. In ban sa ba, sai gida.

To, Ummu, gida wurin wa? Hajjo da ta raine ni ta rasu. Mahaifina ban san shi ba, zazzaɓi ya ɗauke shi ina jariri. Saura Inna. Shekara uku ina ƙasar nan, ko "ki gaishe shi" ba ki taɓa rubuto min daga bakinta ba. Na san za ki ce kunyar ɗan fari ce, shi ya sa ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake zaune. Na yarda da al'ada. Amma ki gaya min, kunya ce ta sa ta yi min abin da ta yi ranar da mijinta Baba Isa ya saya wa Ashraf keke? Na zo hutu daga gidan Hajjo, ina ɗan shekara goma sha biyu. Hannu kawai na ɗora a kan ƙararrawar, ta fito daga kicin ta fizge ni har farcenta ya yanke ni. Ashraf ya yini yana yawo a kai, ni ina zaune a dakali.

Ga roƙona. Ki je ki karanta mata wasiƙar nan duka, kada ki tsallake layi. Ki rubuto min abin da ta ce yadda ta faɗe shi, kada ki sa masa sukari. A kan amsarta zan yanke shawara.

Taubashinki,
Uzairu

Titin Bauchi, Jos,
30 ga Maris, 2003

Zuwa ga Bature mai keke,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Auta na fitar da haƙora, ya hana kowa sakat. Baba Isa yana fama da ciwon baya, amma kullum sai ya je rumfarsa a kasuwar Katako ya tsaya a kan masu lodi. Ashraf yana gaishe ka. Murar nan ka sha citta da kanumfari, in akwai su a garin naku.

Cletus ya yi ƙoƙari. Ka ce masa na jinjina masa, don ni na san nauyinka.

Na yi abin da ka sa ni. Ran Juma'a bayan an taso daga makaranta na biya gidanku, na sami Inna a tsakar gida tana tsince acca. Na zauna na fara karatu. Wurin furannin gwamnati ni kaɗai na yi dariya. Da na zo kan tsibiri da bakin teku, sai ta ajiye faifan, ta miƙe, ta shige ɗaki ta saki labule. Na matsa bakin ƙofa na ɗaga murya na ƙarasa, har maganar aikin, har ta ƙararrawa. Na jira har aka kira la'asar. Ba ta fito ba, ba ta ce komai ba. Kaji suka cinye rabin accar.

Ka ce kada in sa sukari, ban sa ba. Amma ni ban ɗauki shirun nan a matsayin amsa ba, kai ma kada ka ɗauka. Ban san mene ne ba, na dai san ban taɓa ganin Inna ta bar hatsi a gaban kaji ba. Ka dakata da biron nan naka tukuna.

Zan tsaya nan, takardun jarrabawa sun yi min tsibi.

Taka,
Ummusalma

Titin Bauchi, Jos,
13 ga Afrilu, 2003

Yaya Uzairu,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan, yau babu wasa a bakina.

Jiya Asabar da hantsi Inna ta yi sallama a gidana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in ɗauko mayafi in raka ta Katako. Na zaci rumfar Baba Isa za mu, sai na ga mun wuce layin katako mun shiga layin 'yan gwanjo. Ta ce, "Yaron Hajjo sanyi ke kama masa ƙirji tun yana ƙarami." Kai ke nan, ka san sunan da take kiranka.

An kwance sabuwar dila. Ta dinga ɗaga suwaita tana auna faɗin kafaɗa da taƙin hannunta, ta ajiye, ta ɗauki wata, ta fi ashirin. Na yi mamaki, don ban san yaushe ta taɓa kallonka har ta san kafaɗarka ba. Ta zaɓi wata mai kauri, ruwan toka. Inna da ke sa mai tumatir gumi, ko tayawa ba ta yi ba. Mai kayan ya ce, "Hajiya, wannan daga Ingila ta zo kai tsaye." Na ce, "To, Inna, ai can za a mayar da ita." Ta ce, "Ta san sanyin garinsu ke nan."

A hanyar dawowa ba ta bari mun sauka a gida ba. Mun wuce har bayan Naraguta, muka taka zuwa bakin wani tsohon kududdufin haƙar kuza, ruwansa kore shar, ba a ganin ƙasansa. Nan ta tsaya, ta yi magana tana kallon ruwan. Ga abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe.

Ba zazzaɓi ba ne ya kashe mahaifinka. Kana da kwana shida a duniya, gobe suna, ya hau kekensa ya tafi ƙauye ɗauko ragon suna. Damina ce, an kwana ana ruwa. Ya ɗaure ragon a kariya, ya biyo wannan 'yar hanya ta bakin kududdufi don ta fi kusa, gefen ya zabtare da shi. Sai bayan kwana biyu aka ciro shi, da keken, da ragon a ɗaure. A kan tabarmin zaman makoki aka raɗa maka suna, aka mayar maka da nasa. Hajjo ta tara dangi ta ce duk wanda ya gaya maka ba ta yafe ba, don kada ka tashi ana nuna ka ana cewa a kan ragonka ubanka ya tafi. Da aka yaye ka ta ɗauke ka, Inna kuwa ba ta da bakin cewa a bar mata ɗan fari.

Na tambaye ta maganar ƙararrawa. Ta ce, "Ashraf ɗan Isa ne, ubansa ya saya masa, ba ni da ta cewa. Wancan kuwa tafiyarsa, wuyansa, yadda yake ɗora hannu a kan abu, duk na mutumin nan ne. Na fito daga kicin na ga mutumin nan a jikin keke. Ban san na kama shi da ƙarfi ba." Ta ce ta ga jinin, ta kwana uku ba ta iya cin tuwo ba.

Na yi kuka, Yaya, ita ba ta yi ba. Ta ce alkawarin Hajjo ya bi Hajjo, tunda ga shi za ka hau keke a bakin ruwa ba ka sani ba. Na ce, "Maganar aikin fa? In ce ya dawo?" Ta ce, "Ni ban isa in ce ba. Ki ce dai ya bi tsakiyar hanya, kada ya raɓi gefe."

Maƙwabcinmu Mista Ademola mai kantin magani zai tafi Landan wurin 'yarsa jibi. Na naɗe wasiƙar nan a cikin suwaitar, zai sa maka a gidan waya daga can, ya fi sauri. Allah ya sa ta riske ka kafin ku tashi.

Ummusalma

Glasgow,
27 ga Afrilu, 2003

Malama Ummu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah ya ba Baba Isa sauƙi, ya fito wa auta da haƙoransa lafiya. Na dawo da raina, sai gwiwa da ta ɗan kurje.

Wasiƙarki ta 30 ga Maris ta iso ana jibi za mu tashi, ita ce ta ƙarshe da na samu. Da ita na yi tafiyar a aljihu. Zan zo kanta.

Mutanen nan wai bazara suke kiran wannan lokaci. Ummu, mu da muke taƙama da sanyin Jos, ashe wasan yara muke yi. Tun a cikin jirgin ruwa kunnuwana suka daina zama nawa. Da muka sauka rana ta leƙo, muka yi murna, kafin mu gama ɗaure jakunkuna a kariya an fara yayyafi, kuma ruwan nan ba daga sama yake saukowa ba, daga gefe yake zuwa. Cletus ya ce, "Oga, wannan iska ya san sunan mu. Duk inda mun juya, yana gaba yana jiran mu."

Amma wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Teku a hannun hagu, duwatsu a dama kamar na Shere, sai dai nasu da farar ƙanƙara a ka. Tumaki sun fi mutane yawa, duk sun haihu, 'ya'yan suna tsalle a kan titi ba sa tsoron kowa. Sai ka yi awa guda ba ka ga mota ba. Rana ta farko tayar Cletus ta yi faci, yatsunmu sun ƙage har muka kasa riƙe famfo, sai da muka cusa hannu a hammata muna tsalle kamar mahaukata. Rana ta biyu muka sami wani hawa da ya sa muka sauka muna turawa, Cletus na rantsuwa in ya koma Kabong ko acaɓa ba zai ƙara hawa ba. A gangarar na ji daɗin da ban taɓa ji ba, har na saki birki ina ihu. A wata kwana yashi ya kwashe tayar, na zube dab da katangar da ta raba titi da ruwa. Da babu katangar, da wani labarin ake yi.

A ƙauyen da muka sauka ran nan, masaukin na wata tsohuwa ne. Ta wanke min gwiwa, ta dafa mana shayi, ta shanya safarmu a jikin murhu. Muna zaune ɗanta ya shigo, ƙato mai furfura, ya fi shekara hamsin, masunci ne. Ta tashi ta kama kumatunsa da hannu biyu tana cewa, "Robert, Robert, ka jiƙe, Robert." Sau uku ta kira sunan a numfashi ɗaya. Na ajiye kofin na fita waje cikin iskar nan, na ce wa Cletus keke zan duba. Kishi na ji, Ummu, kishin wani tsohon masunci da ban sani ba.

Rana ta uku hankalina yana Jos. Ina taka feda ina nanata layinki: ba ta fito ba, ba ta ce komai ba. Kin ce kada in ɗauke shi amsa. Na gode, kina da kirki, amma an gaya wa mace ɗanta zai tafi shekara biyar, an tuna mata ranar da ta yanke shi, ta saki labule. Wace amsa ta fi wannan? Ba na fushi da ita. Na gaji ne da tsayuwa a bakin ƙofa.

Zan sa hannu. Ranar 5 ga Mayu za mu tafi arewa aikin duba duwatsu na mako uku, na kuma bar ɗakin makaranta, Cletus ne zai riƙa karɓar min wasiƙu. In na dawo zan kai musu takardar.

Uzairu

Titin Bauchi, Jos,
16 ga Mayu, 2003

Yaya Uzairu,

Lafiya muke. Wasiƙarka ta iso yau, na karanta a tsaye. Ashe saƙon bai same ka ba! Na ruga kantin Mista Ademola, sai na tarar da shi a zaune. Matarsa ce ta kwanta ciwo ya ɗage tafiyar, kunya ta hana shi gaya min, sai ranar 25 zai tashi. Ƙunshin yana cikin akwatinsa.

Na je wurin masu waya a ƙarƙashin lema na buga lambar makarantarku sau uku. Wata Baturiya ta ce ka tashi, sauran maganar ban gane ba.

Don girman Allah kada ka sa hannu sai ka ga suwaita ruwan toka. Akwai takarda a ciki. Ban gaya wa Inna ka faɗi ba. Kullum sai ta aiko a tambaye ni ko an ji labarin masu keke.

Ummusalma

Glasgow,
8 ga Yuni, 2003

Ummu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ina gaida kowa.

Na sa hannu ranar Laraba, 28 ga Mayu. Ranar Litinin da ta biyo baya Cletus ya kawo min abu biyu tare, 'yar gajeruwar wasiƙarki da ƙunshin Mista Ademola.

Ban san yadda zan rubuta miki ranar nan ba. Na karanta sau ɗaya na kasa tashi. Cletus ya ga fuskata, ya ce, "Oga, wani ya mutu?" Na ce e, shekara ashirin da tara da suka wuce, yau aka gaya min. Ya zauna kusa da ni, Allah ya saka masa.

Abin da ya fi ci min rai, ina can ina sakin birki a bakin teku ina ihu, ina jin na rama abin da aka yi min, ita tana nan tana ƙirga kwanaki. Tun ina yaro nake riƙe da tabon nan a hannu a matsayin shaidar ba a so na. Na ji kunya, na ji tausayinta, na kuma ji haushin Hajjo, Allah ya jiƙanta, duk da na san don ni ta yi.

Suwaitar ta yi min daidai, har kafaɗa. Yanzu garin ya yi ɗumi, mutane na yawo da 'yar shimi, ni ina cikinta ina gumi.

Ran Talata na koma kamfanin na ce na janye. Shugaban bai ji daɗi ba, ya ce in sani ba za su ƙara buɗe min wannan ƙofa ba, kuma ya yi gaskiya, ni na ɓata musu lokaci. Don haka ga ni nan tafe, babu aiki, babu komai sai takardar shaida da gwiwa mai tabo. Ina jin tsoro, ban san me zan yi a Jos ba. Zan sauka Kano ranar 12 ga Yuli, in kwana, in kamo hanya.

Ki karanta mata. Ba sai ta ce komai ba.

Uzairu

Titin Bauchi, Jos,
24 ga Yuni, 2003

Bature marar aiki,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta zauna sosai. Auta ya fitar da haƙora huɗu, ya fara cizon mutane. Baba Isa ya ce in gaya maka rumfar katako ba ta ƙin mai ilimi, in ka rasa abin yi.

Na karanta mata jiya da yamma. Wannan karon ba ta tashi ba. Da na zo inda ka janye daga aikin, ta tafa hannu ta ce, "Wa ya aike shi? Aiki kamar wannan! Wannan wauta ta gidansu ce, ba ta gidanmu ba." Ta yi ta faɗa, ni dai ina kallon hannunta, ta kama bakin zanenta tana murzawa. Da na ce 12 ga Yuli, faɗan ya tsaya cak. Ta ƙirga a yatsu. Ta ƙwalla wa Ashraf kira ta ce ya kwashe tarkacensa daga ɗakin zaure, a nemo mai fenti.

Na miƙe zan tafi, ta rako ni har ƙofar gida, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya tana gyara min mayafi, ta ƙi haɗa ido da ni. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "In za ki rubuta, ki tambayar min shi wane abinci ya fi so." Na ce, "Haba Inna, ke za ki tambayi wannan?" Ta ce, "Hajjo ce ta sani. Ni ban taɓa dafa masa nasa shi kaɗai ba."

Lokaci ya ƙure wa gidan waya, don haka ga lambar maigidana a ƙasa, ya sayi wayar hannu. Ka bugo ran Lahadi bayan azahar, zan riƙe biro da takarda. Ka faɗa min dalla-dalla, har irin miyar da yawan yajin, don ta ce ba ta so ta yi kuskure.

Taubashiyarka,
Ummusalma